Abin da allo ya nuna daban, abin da ke cikin fayil daban

Na koyi Matplotlib ne, wato manhajar zana jadawali a yaren kwamfuta na Python, saboda rahoton farashin hatsi da ake so in riƙa haɗawa a wurin aiki: gero, dawa, masara, wake, kowanne da layinsa. Zana layukan bai ba ni wahala ba. Inda aka sha fama shi ne wajen fitar da hoton da za a manna a rahoto, domin zanen da ke kan allo da wanda ke shiga fayil ba hanya ɗaya suke bi ba.

Matsalar da kusan kowane sabon shiga ke cin karo da ita ita ce farin hoto fat, babu ko ɗigo a ciki. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne. Idan ka kira show(), umarnin nuna zane a allo, kafin savefig(), umarnin adana shi a fayil, da zarar ka rufe tagar zanen ya tafi, sai Matplotlib ya buɗe sabon shafi wanda babu komai a kai ya adana maka shi. Ko uffan ba zai ce ba, a wurinsa ya yi abin da ka sa shi. A Jupyter ma, manhajar da ake rubuta umarni akwati-akwati a cikinta, haka ne idan ka kai umarnin adanawa wani akwati daban. Maganin shi ne ka adana kafin ka nuna, ko ka riƙe zanen da suna, ka ce fig.savefig().

Batun girma ne ya fi ɗaukar mini lokaci. Matplotlib da inci yake awo. Idan ba ka ce komai ba, zai ba ka inci 6.4 a faɗi da 4.8 a tsayi, da ɗigo 100 a kowane inci, wato hoto mai ɗigo 640 da 480. A waya ya isa, amma a takarda sai ya fito dishi-dishi. Abin da ya fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya ƙara inci, ya zana ƙaton hoto. To idan aka matse shi ya shiga shafi, rubutun jikinsa ma matsewa yake yi, har sai an ƙanƙance ido kafin a karanta sunan wata. Abin da ya dace shi ne ka auna gurbin da hoton zai zauna a shafin, ka ba zanen wannan girman, sannan ka ɗaga dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci, zuwa 300. Rubutu ya tsaya yadda yake, hoto kuma ya fito tas. Idan sunayen gefe suna yankewa, bbox_inches="tight" na gyarawa, sai dai ka sani yana sauya girman hoton da zai fito, abin da kan ɓata jeri idan hotuna biyu za su zauna kusa da juna.

Sai kuma tamu matsalar, mu masu ƙ da ɗ da ɓ. Salon rubutun da Matplotlib ke zuwa da shi tun siga ta 2.0 a 2017, DejaVu Sans, yana da waɗannan haruffa, har da alamar ₦. Rigimar tana tasowa ne ranar da shugaba ya ce salon bai yi masa ba, a sauya wanda ya dace da sauran rahoton. Idan sabon salon ba shi da haruffanmu, "ƙauye" sai ya koma ɗan akwati da "auye" a bayansa. Akwai gargaɗin da ke fitowa cewa ba a sami harafin ba, amma wa ke karanta jan rubutun da ke wucewa a ƙasa? Yanzu kafin in amince da kowane salo, sai na fara zana masa "ƙ ɗ ɓ ƴ Ƙ Ɗ Ɓ" na gani, don wani yana da ƙananan amma babu manyan. Ajami kuwa ya fi haka wuya: a sigar da na yi aiki da ita haruffan a rarrabe suke fitowa, kuma daga hagu, sai an bi da rubutun ta arabic_reshaper mai haɗa haruffan da python-bidi mai juya su su fara daga dama tukuna.

JPEG na daina amfani da shi ga irin wannan zane, yana barin datti a gefen layuka da haruffa. PNG ga abin da za a tura ta WhatsApp ko a sa a shafin intanet, PDF ko SVG ga abin da za a buga. Ko da PNG ɗin ne, idan ka tura shi a WhatsApp a matsayin hoto za a matse shi, gara ka aika a matsayin fayil (Document).

Da muka mayar da aikin kan saba, wato kwamfutar nesa da ba ta da allo, sai na saka matplotlib.use("Agg") a sama don ya riƙa zane ba tare da buɗe taga ba, na kuma ƙara plt.close() don rufe kowane zane bayan an gama shi, domin idan suka wuce 20 a buɗe gargaɗin cin ma'adana yake farawa. A can babu taga da za ta nuna maka komai, dole sai ka sauko da fayil ɗin ka buɗe shi da kanka.