Abin da malamin cikin waya ba ya gani

Aikina koyar da motsa jiki ne a wata makarantar sakandaren 'yan mata a Kano, da yamma kuma wasu matan unguwa kan taru a tsakar gidanmu mu motsa jiki tare. Kusan duk wadda ta zo wurina ba a hannuna ta fara ba. Ta riga ta sauke bidiyo a waya, ta turo ƙofar ɗaki, ta bi shi iya ƙarfinta. Wanda ya fi jan hankalinsu kuwa shi ne irin wanda ake naushin iska, ana shuri da ƙafa, ana bin kiɗa, wanda ake kira cardio kickboxing.

Ina son wannan motsa jikin, kuma ina ganin girman matan da suka fara shi su kaɗai. Ba ya neman na'ura, ba ya neman kuɗin wata, ba sai an fita ba. Matar da ba ta da halin zuwa gidan motsa jiki, ko kunya ta hana ta, za ta iya haɗa gumi tsakanin gado da ƙofa. Asalin kickboxing faɗa ne na gaske, a Japan aka raɗa masa wannan suna a shekarun 1960, inda aka gauraya karate da damben Tailan. Wani Ba'amurke mai suna Billy Blanks ne ya yaɗa nau'in da babu abokin karawa, ya haɗa shi da kiɗa, ya kira shi Tae Bo, kasa-kasansa suka cika gidaje a ƙarshen shekarun 1990. Bidiyoyin da ke yawo yau jikokin wannan ne. Cire abokin karawa shi ya sa kowa zai iya yi, kuma daga nan ne darasin farko da aikin ya koya mini ya fito.

Wata baiwar Allah mai ɗinki ta zo tana riƙe da gwiwar hannunta ta dama. Ta ce, “Malama, ni fa ba na dukan komai, iska kawai nake naushi, me zai sa hannu ciwo?” Na ce, “Hajiya, yi mini yadda kike yi.” Ta kai naushi, hannun ya miƙe sak har gwiwar ta ƙame, kafaɗarta ta girgiza. Amsar tana cikin tambayarta. Mai dukan buhu, buhun ne ke tare ƙarfin naushinsa. Mai naushin iska kuwa babu abin da zai tare shi sai gaɓar hannunsa, kuma a bidiyon rabin awa za a maimaita wannan ɗaruruwan lokuta. Na riƙe mata wuyan hannu, na nuna mata inda za ta tsaya, saura kaɗan hannun ya gama miƙewa, sannan ta janyo shi da saurin da ta tura shi, ya dawo kusa da haɓa. Janyowar ma aiki ce, ita ke motsa naman baya. 'Yan damben gargajiyarmu sun san muhimmancin hannun da ba ya duka, shi ya sa suke kiransa garkuwa, wanda aka ɗaure da kara kuma mashi. Tun daga lokacin, duk wadda ta ce mini tana riƙe gorar ruwa a hannu tana naushi don ta fi ƙona kitse, nakan roƙe ta ta ajiye. Nauyin yana ƙara fizgar gaɓa ne kawai.

Ƙafa ta fi hannu wuyar sha'ani, domin ido yana kan hannun malamin da fuskarsa, ba wanda ke duban ƙasa. Naushi mai kyau daga ƙugu yake tasowa. Idan ƙugu zai juya, dole diddigen ƙafar baya ya ɗaga, a juya a kan gaban tafin ƙafa. Haka shurin gefe da na zagaye, ƙafar da aka tsaya a kanta ita ma sai ta juya. In tafin ƙafa ya kafe a ƙasa, jiki ya murɗa a samansa, gwiwa ce ke ɗaukar murɗawar, alhali an halicce ta ne ta lanƙwasa ta miƙe kamar ƙyauren ƙofa. A nan na gane cewa daɓen ɗaki yana cikin darasin. Kafet mai kauri da kambas mai ƙasan roba suna riƙe ƙafa, su hana ta juyawa. Tayil da safa santsi ne. Tabarma tana zamewa a kan siminti. Su masu bidiyon a kan daɓen katako suke wanda aka yi don wannan aiki, ba za su taɓa ce miki ki naɗe kafet ba, don ba su san da shi ba. Yanzu tambayar da nake fara yi wa sabuwar zuwa ita ce: a kan me kike tsayawa, me kike sawa a ƙafa? Zani kuma a ajiye shi, a sa dogon wando mai yalwa. Shuri ya tsaya iya gwiwa ko cinya tukuna, ba lallai sai ya kai kai ba.

Akwai rikicin hagu da dama, saboda malamin yana fuskantarki, amma wannan ba ya daɗewa ake sabawa.

Abin da ya fi damuna shi ne gudu. Bidiyo ba ya jira. Mutanen da ke bayan malamin zaɓaɓɓu ne, sun daɗe suna yi, kuma in sun gaji ana iya yanke ɗaukar a ci gaba. Ita kuwa mai kallo tana ganin in ta tsaya ta gaza, sai ta matse har jiri ya ɗebe ta. A makaranta an koya mana lissafin bugun zuciya: a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin ƙololuwar bugunsa a minti ɗaya. Mai shekara 40 tana da 180, matsakaicin aiki kuma kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na wannan, wato tsakanin 90 da 126. Ƙiyasi ne, kuma a tsakar gida babu mai tsayawa ƙirga. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne in ja mace da magana tana cikin yi. In tana iya amsa mini da cikakkiyar jimla ko da tana haki, tana daidai. In kalma ɗaya biyu take iya fitarwa, ta shiga mai tsanani, ta sassauta. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da ƙarfafa tsoka kwana biyu. A mako aka ce, ba a yini guda ba. YouTube yana da wurin rage saurin bidiyo, kuma maɓallin tsayarwa yana nan. Da yawa ba su taɓa tunanin suna da izinin taɓa shi ba, sai da na faɗa musu.

Sai zafi. A watan Afrilu a Kano ma'aunin zafi kan kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma a rufe, ga babu wuta. Wanda ya ɗauki bidiyon a sanyin na'ura yake. Bayan asuba ko dab da magariba ya fi, taga a buɗe, ruwa a kusa. Masu ɗaura leda a ciki don gumi ya fita su daina, ruwan jiki ne ke fita, ba kitse ba. Teɓa ma ba ta narkewa don an matsa wa ciki shi kaɗai. Jiki yana rage kitse ne daga ko'ina, kuma abin da ke cikin kwano yana da babban rabo a ciki. Wannan maganar ba ta yi wa kowa daɗi, amma ina faɗa.

Na kuma koyi raba tsamin jiki da ciwo. Tsami yakan zo washegari, ya tsananta a kwana na biyu, ya sake da kansa, kuma a nama yake. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, wannan alama ce ta a tsaya. Ciwon ƙirji, numfashin da ya ƙi dawowa, jiri, ko fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, waɗannan na asibiti ne a ranar, ba sai gobe ba. Wata amarya mai jego ta taɓa jawo ni gefe ta ce cikin sanyin murya, “Anti, in na yi tsalle sai in ji fitsari ya ɗan zubo.” Ta yi zaton ita kaɗai ce. Abu ne sananne bayan haihuwa, naman ƙasan mara ne bai gama komawa ba, yana da atisayensa, kuma likita na iya taimakawa. Muka cire mata tsalle gaba ɗaya, ta riƙa taka ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta ci gaba da naushinta.

Yanzu in za mu ɗauki sabon bidiyo, zama muke mu kalle shi tukuna, mu duba ƙafafun malamin. Sai mu tashi mu yi kowane motsi a hankali babu kiɗa, bayan mun ɗumama jiki na 'yan mintuna. Wadda za ta ci gaba a ɗakinta nakan ce ta jingina wayar ƙanwarta ko ta 'yarta a gefe, ta ɗauki kanta na minti ɗaya, ta kalla, ta goge. Nan take take ganin diddigen da bai ɗaga ba. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai juna biyu da wadda aka yi wa aiki kuwa, ba na barin su fara sai sun je an duba su, likita ya ce to. Wasu kan ji haushi su tafi, amma mafi yawa suna dawowa da katin asibiti a hannu.