Kifin kwaɗo: ciyarwa da kulawa a tankin ruwan gishiri

A sana'armu ta kafa tankunan kifin teku da kula da su, babu kifin da muke yi wa mai saye dogon bayani a kansa irin kifin kwaɗo, wato wanda ake kira frogfish da Turanci. Ba ya iyo sosai. Da fikafikan ƙirjinsa yake takawa a kan dutse, ya lafe kamar soson teku, yana kaɗa wata 'yar fatsa mai koto da ke bisa goshinsa. Abin da ya matso kusa, cikin ƙiftawar ido ya wuce ciki. Wannan haɗiyar ce ke burge masu shi, ita ce kuma ke sa su kashe shi da yawan abinci.

Cikinsa na buɗewa har ya ɗauki kifin da ya kai tsawonsa, amma narkewar abincinsa a hankali take. In loma ta yi girma, sai ta fara ruɓa a ciki kafin ta narke, iska ta taru, kifin ya kumbura ya taso saman ruwa, kuma da wuya ya tashi daga wannan. Shi ya sa muke cewa kada abincin ya wuce rabin tsawon jikinsa, sau 2 ko 3 a mako ga babba. Ko ya ci gaba da kaɗa fatsa bayan ya ci, a ƙyale shi, ɗabi'arsa ce.

Sabon zuwa yakan ƙi duk abin da ba ya motsi. Mukan fara da jatan lande masu rai, sannan mu koya masa cin daskararren abincin teku da ƙanƙararsa ta gama narkewa sarai: a soke shi a bakin siririn sanda mai kama da gilashi, a riƙa motsa shi a gabansa ba tare da an taɓa masa baki ba. Wani kan ɗauki makonni kafin ya yarda. Kifin zinariya na ruwan daɗi kuwa ba abincinsa ba ne, domin kitsensa na lalata hanta, kuma yana ɗauke da sinadarin da ke rusa bitamin B1.

Ƙananan nau'i irin Antennarius maculatus na zama lafiya a lita 80 zuwa 110, amma Antennarius commerson, da ke wuce santimita 30, sai lita 200 zuwa sama. Ɗumin ruwa digiri 24 zuwa 26 na Celsius, nauyin gishiri (nauyin ruwan in an gwada shi da ruwan daɗi) 1.023 zuwa 1.025, pH (ma'aunin tsamin ruwa) 8.1 zuwa 8.4, amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi) sifili. Yana yawan yin kashi, saboda haka na'urar kwashe kumfa, mai fitar da dattin ruwa, dole ce, tare da sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako. Famfo kada ya yi ƙarfi.

Shi kaɗai ya fi dacewa a tanki. Yana cin ɗan'uwansa, wasu kifayen kuma kan tsattsage fatarsa a zaton soso ne. Ba ya jure maganin da ke da jan ƙarfe.

Wajen sauya masa wuri ba ma sa raga. In ya fito sarari yana iya haɗiye iska ya kasa amayar da ita. A nutsa roba cikin ruwan, a lallaɓa shi ya shiga, a ɗago shi da ruwa a rufe da kansa.