Sha Biyar

Wata takwas ke nan da barowata Kano, har yau a garejin nan na Maraɗi ba mai kirana da sunana. Sha Biyar suke ce mini, har yarinyar da ke kawo mana fura.

Na zo da tunanin ai Hausa ɗaya ce. Ranar farko aka ce in miƙo kile, na tsaya ina raba ido, ashe sifana ake nufi. Fulogi buji ne, fetur isansi, bawul kuwa sufaf. Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a rai wata tsohuwar Volkswagen kwambi ce.

Ta wani Alhaji ce a unguwar Zariya, irin waɗanda a da Turawa kan tsallako sahara da su ta Arlit da Agadas su sayar. Har gado da ɗan wurin girki a cikinta. Injin 1600 a baya, iska ke sanyaya shi, ba lagireto. A kan irinta Baba ya koya mini aiki a Ƙofar Ruwa, don haka na bugi ƙirji na ce a bar mini ita.

Na bari ta kwana, don ba a taɓa bawul ɗin wannan inji sai ya huce sarai. Da safe na cire murfi, na juya fuli har alamarsa ta zo daidai, rota mai raba wa fulogi wuta na kallon silinda ta ɗaya. Na ciro ma'aunin Baba, siraran ƙarafunan nan masu lamba da ake auna tazarar bawul da su. Shi kullum shida yake sawa. Sai maigidan gareji ya leƙo ya ce, "Yaro, sha biyar za ka sa ma wagga." Na buɗe baki, na rufe. Ni baƙo, shi dattijo, ga yara na kallo. Na zaro mai lamba 15, na bi bawul takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, hannuna na yi, zuciyata na ƙi.

Da aka tayar, kai ka ce tsakuwa aka zuba wa injin markaɗe. Alhaji na tsaye. Yaran har da riƙe ciki.

Ashe ma'aunin Baba na inci ne, nasu na milimita. Sha biyar ɗin maigida milimita 0.15 ce, ita ce dai shidan Baba, inci 0.006. Ni kuwa na buɗe tazarar ta kai milimita 0.38. Ya yi gaskiya, na yi gaskiya, amma ni aka laƙaba wa suna. Da a Kano ne, "Oga, dubi ma'aunin nan" kawai zan ce a wuce wurin.

Na sake ɗaure su. Bayan sati biyu motar ta dawo, wai ba ta son tashi da safe. Suna ta tonon kafireto, ni na nufi bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku, wadda ta fi shan zafi. Tazarar ta rufe ruf, ƙarfen awo ba ya shiga. Na ce bawul ɗin ne ke miƙewa, a sauke kan injin tun bai tsinke ya faɗa wa fistin ba. Aka sauke, aka tarar haka ne. Maigida ya gyaɗa kai ya ce, "Sha Biyar ya iya." Ko a yabon ma.

Da dare na kira gida. Baba idonsa ya yi rauni, ya daina fita gareji. Na ba shi labari, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, Inna ta karɓe wayar. Ita ba ruwanta da bawul. Ina cin abinci? Yaushe zan zo in ga jaririyar ƙanwata, da aka yi suna ba ni? Ta Ɗan Isa da Jibiya ko wuni ba a yi a hanya, na ce mata sai dai bayan salla. Kafin kati ya ƙare na jiyo Baba daga nesa yana cewa a gaya mini in riƙa shafa wa ma'aunin mai, kada ya yi tsatsa.