Karatun da na yi a faifai na biyu da na uku

Tace fim ce sana'ata, kuma yawancinmu in faifai ya zo hannu, fim ɗin muke kallo, sauran abin da aka ƙara a ciki ko oho. Ni kuwa a nan na yi karatun da aji bai ba ni ba, musamman a The Battle of Algiers, fim ɗin Gillo Pontecorvo na 1966 kan yaƙin neman 'yancin Aljeriya daga Faransa, wanda kamfanin Criterion ya fitar a faifai uku a 2004.

Duk wanda ya kalle shi zai rantse 'yan jarida ne suka ɗauka ana tsaka da rikici. Kyamara na rawa a kafaɗa, hoton baƙi da fari ya yi kaushi, jama'a na ta gudu a lungunan Kasba, tsohuwar unguwar birnin Aljiyas. Amma ko ɗigon hoton labarai babu a ciki. Da gangan Marcello Gatti, mai ɗaukar hoton, ya kausasa shi. Mu kullum kokawa muke da ƙura a hoto, shi kuwa nemanta ya yi. 'Yan wasan ma mutanen gari ne aka tsinto, in ban da Jean Martin da ya fito a Kanar Mathieu, kwamandan sojojin Faransa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Saadi Yacef. Jagoran mayaƙan FLN, ƙungiyar neman 'yancin Aljeriya, ne a birnin Aljiyas lokacin yaƙin, ga shi cikin masu shirya fim ɗin, ga shi kuma ya fito a ciki yana maimaita abin da ya yi a zahiri. Wannan bai rage wa fim ɗin daraja a idona ba, amma dai mai labarin yana da ɓangare. A faifai na uku sai ga tsofaffin hafsoshin Faransa suna magana da bakinsu kan azabtar da waɗanda aka kama. Jin haka daga wanda ya yi aikin daban ne da ganinsa a wasa.

Tun daga nan, in aka kawo mini aiki mai iƙirarin tarihi, kafin in yanke komai sai na tambayi wa ya ba da labarin, wa kuma ya zuba kuɗi. Wasu daraktocin ba sa jin daɗin tambayar. Hirarraki da hotunan bayan fage kuwa na daina gogewa, ko da za su cika mini kwamfuta.