Kafin ka sauke giyabos ɗin tsohuwar Hilux

Motar da na yi wa aikin canjin kuloci tsohuwar Hilux ce mai injin 3L, wato dizal mai lita 2.8, irin wadda ake loda wa hatsi ranar kasuwa. Ciwonta sananne ne: a giya ta huɗu, da an taka mai sai injin ya yi ta ruri amma gudu bai ƙaru ba, ga ƙauri na shigowa idan tana hawan tudu da kaya. Na ja birkin hannu, na sa ta huɗu, na ɗaga ƙafa a hankali. Lafiyayyen kuloci yana kashe injin nan take, wannan kuwa bai ko girgiza shi ba.

Duk da haka sai da na duba abin da ba ya buƙatar sauke komai. Ya kamata fedar kuloci ta yi wasan milimita 5 zuwa 15 kafin ta fara aiki. Idan aka ɗaure ta babu wasa ko kaɗan, ko sabon kuloci zai riƙa zamewa. Idan kuma giya na ƙin shiga yayin da injin ke aiki amma tana shiga da an kashe shi, a fara zargin famfon kuloci na sama ko na ƙasa, ko iska a cikin man kulocin. Kukan da ke tashi idan an taka feda na rilis boris ne, wato boris ɗin da ke danna murfin kuloci. Wanda ake ji a furi, ya ɗauke da zarar an taka, yana cikin giyabos, kuma sabon kuloci ba zai yi maganinsa ba.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne wajen sayen kaya. Toyota na manna ƙaramin farantin ƙarfe a ɗakin injin, kuma layin da aka rubuta A/TM yana ɗauke da lambar giyabos: G52, G58, W56, R151F da makamantansu. Sai dai motar da ta haura shekara 25 a hanyoyinmu da wuya a same ta da giyabos ɗinta na asali, galibi an taɓa ɗora mata na Baljiyam. Farantin ya faɗi abin da kamfani ya sa ne kawai. Shi ya sa nake shiga ƙarƙashi da mayen ƙarfe. Idan ya manne wa gangar jikin giyabos, tsohon giyabos ne samfurin L mai jikin baƙin ƙarfe. Idan jikin alminiyam ne, sai in gwada siririn farantin da ya raba gidan gaba da na baya: na G da R yana kama mayen, na W56 ba ya kamawa. R ya fi G kauri da nauyi, ido ma yana gani. Ko bayan wannan ba na sayen komai sai tsohon kulocin ya fito. Na auna faɗinsa, domin a waɗannan motoci ana samun mai milimita 225 da mai 236, na ƙirga haƙoran tsakiyarsa 21, sannan na ɗauke shi zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na ɗora shi kan sabon. Kwali mai sunan kamfanin Aisin ko Exedy bai isa shaida ba, jabu ma a kwali yake zuwa.

Saukewar ba wuya gare ta ba, nauyi ne. Na cire kan batir, na zubar da man giya, na yi wa farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, alama da alli a mahaɗarta don ta koma yadda take, in ba haka ba sai mota ta kama rawa a kan gudu. Sandar giya daga cikin gida ake zare ta. Famfon kuloci na ƙasa na kwance notinsa biyu na rataye shi a gefe ba tare da na taɓa tiyonsa ba, don kada iska ta shiga. Sai kik, wayar sifido, wayar fitilar ribas, da ƙarfen da ya riƙe salansa. Notin sama na bakin giyabos ba sa kamuwa sai an cire karagar da ke ƙarƙashi, an sassauta jak injin ya ɗan kwanta baya, a miƙa doguwar sanda daga bayan giyabos. A nan a sa ido kan fanka kada ta ci lagireto. Mai giyar agzilari kuwa nauyinta ya karkata gefe guda, ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma motar ta zauna kan tsayayyun ƙarafa, ba kan jak kaɗai ba.

Da kulocin ya fito, fatarsa ta cinye har kan ƙusoshin ya fara sheƙi. Ƙa'idar Toyota ita ce kan ƙusa ya nutse aƙalla milimita 0.3 ƙasa da fuskar fata. Amma abin da ya fi jan hankalina danshin mai ne a ƙasan gidan kulocin. Baƙi ne, ba shi da warin nan mai hawa kai na man giya, don haka daga oyil sil ɗin bayan injin yake. Wanda ya ɗora sabon kuloci a kan wannan yoyo, cikin 'yan watanni zai sake sauke giyabos. Na cire filawil, wato faifan ƙarfen bayan injin da fatar kuloci ke mannewa, na canza sil ɗin, na kai filawil ɗin wajen masu injin gyaran ƙarfe aka share fuskarsa saboda shuɗin tabon zafi da ya yi. Ƙurar da ke ciki da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta, ba a hura ta, don tsofaffin fatu na iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu.

Akwai ƙaramin boris a tsakiyar bayan kiransha, babbar sandar injin, wanda kan sandar da ta fito daga gaban giyabos ke zama a ciki. Kuɗinsa kaɗan ne, shi ya sa ake raina shi, alhali idan ya ƙage giya ta ɗaya da ribas sai sun yi ƙara kafin su shiga. Na cusa giris a raminsa, na sa ƙarfe daidai bakin na buga, giris ɗin ya turo shi waje. Mai mota ya so a canza fata kaɗai a bar murfin da ke matse ta kan filawil. Na nuna masa bakin yatsun murfin inda boris ya ci rami. Idan zurfin ya wuce milimita 0.6 ya gama aiki. Saiti guda na sa: fata, murfi, rilis boris da ƙaramin boris.

Wajen ɗaurawa, shafaffen gefen fatar ne ke kallon filawil, gefen da sifirin suka turo yana kallon giyabos. Na daidaita tsakiyarta da tsohuwar sandar giyabos, na wanke fuskar murfi da filawil da fetur don cire man da kamfani ke shafawa, na ɗaure notin murfi kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, har zuwa 19 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Giris ɗan shafawa kawai a haƙoran sanda da mazaunin cokali mai yatsu, wato ƙarfen da ke tura rilis boris. Idan ya yi yawa, juyi zai watsa shi kan fata.

Giyabos ya tsaya saura kamar faɗin yatsa biyu ya ƙi shiga, kamar yadda ya saba. A nan ne masu gaggawa ke janyo shi da noti, su lanƙwasa fata ko su fasa bakin alminiyam. Na sa giya, na juya bakin farfela da hannu har haƙora suka haɗu, ya zame da kansa. Na cika shi da man giya 75W-90 har ya fara tsiyayowa daga ramin cikawa, na gyara wasan feda, na gaya wa direban ya yi mako biyu yana ɗaukar rabin lodi, kuma ya daina ajiye ƙafa kan feda idan yana tafiya.