Kwali da zare: yadda muke koyar da lissafin gusawa a lesinmu na fiziks

A lesinmu ba ma fara wannan darasi a kan allo. Kwali mara komai muke ajiyewa a gaban ɗalibi, mu ɗaura zare daga kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama da ke can ɗaya ɓangaren. Wannan zaren shi ne gusawar abu, wato tazarar kai tsaye daga inda ya tashi zuwa inda ya tsaya. Gefunan kwalin kuwa su ne gabas, arewa da sama.

A ce jirgi maras matuƙi ya yi mita 30 gabas, ya juya arewa mita 40, sannan ya hau sama mita 120. Hanyar da ya bi mita 190 ce, amma ba ita ake tambaya ba. Alwatika biyu ne a ɓoye a nan, kowace da kusurwar digiri 90, kuma sai an gama da ta kwance a taɓa ta tsaye. Ta kwance tana kan ƙasa: 30 sau 30 a tara da 40 sau 40, ya ba da 2,500, tushensa 50, don 50 sau 50 ne ke ba da 2,500. Wannan 50 ɗin muke kira inuwar tafiya, don nan inuwar jirgin za ta faɗi idan rana tana tsaka. Sai ta zama gindin alwatika ta biyu, mai tsayin 120. A tara 2,500 da 14,400 (wato 120 sau 120), a samu 16,900, tushensa mita 130.

Masu lesin araha a nan suke tsayawa. Sun sa yaro ya haddace ƙa'idar Fitagoras mai lamba uku, ya samu 130, an tafa masa. To ina jirgin ya dosa? Gusawa ba ta cika sai da alkibla, kuma kusurwa biyu ake bukata. Ta tashi sama: 120 a raba da 50, ya zama 2.4, a nemi kusurwar da tan ɗinta (tsayin alwatika a raba da gindinta) ke nan, digiri 67.4. Ta kan ƙasa: 30 a raba da 40, wato 0.75, digiri 36.9 daga arewa zuwa gabas.

Inda ɗaliban hadda suka fi faɗuwa shi ne idan an juya tambayar, aka ba su 130 da kusurwoyin biyu. Sai ka ga sun raba 130 kai tsaye zuwa gabas da arewa. Ba haka ba ne. A fara sauko da 130 ɗin ƙasa, a yi shi sau cos na 67.4 a kalkuleta a samu 50, sai a yi 50 ɗin sau sin na 36.9 a samu gabas, sau cos na 36.9 a samu arewa.

Kalkuleta ma tana da nata sharrin. Idan tana kan radiyan, wato wani ma'aunin kusurwa dabam da digiri, 1.176 za ta nuna maimakon 67.4, yaro ya kwafa bai ko ɗaga gira ba. Haka nan mita 30 yamma da 40 kudu, su ma 0.75 suke bayarwa, alhali jirgin ya yi kishiyar hanya, digiri 216.9 daga arewa. Shi ya sa ba ma karɓar amsar da babu zane a gefenta, ko da lambar ta yi daidai. Kuma ba a datse lamba a tsakiyar aiki, sai a layin ƙarshe.