Batirin wayata ya kumbura, sai a lokacin na gane zafi ne ke cinye shi

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Kano yake kan ganiyarsa, wata safiya na ɗauki wayata zan duba saƙo sai na ji bayanta ya ɗago, na saka farce a gefe kawai ya shige. Na cire rigar robar da ke jikinta na ajiye ta a kan tebur sai ga ta tana lilo kamar an ɗora ta a kan ƙwallo, batir ya kumbura. Wayar nan ko shekara biyu ba ta cika a hannuna ba, kuma da ita nake komai, ciniki, turawa da karɓar kuɗi, karatun yara, har fitila idan an ɗauke wuta.

Na kai ta kasuwar waya ta Farm Centre wajen wani mai gyara da na saba da shi, dattijo ne da ya daɗe a harkar. Yana buɗewa ya zaro batirin ya ɗora min a tafin hannu, ya yi tulu-tulu kamar ƙullin gyaɗa a leda, ya ce "Malam a ina kake ajiye ta in kana caji?" Na ce ƙarƙashin filo da daddare, saboda soket ɗin yana kan gado, kuma in NEPA ta kawo wuta ƙarfe biyun dare ba na so in tashi. Ya ce "Da rigar a jikinta?" Na ce eh. Ya girgiza kai ya ce "Ai dafa shi ka yi ta yi."

Maganar ta tsaya min a rai sosai don ni duk tsawon lokacin nan a tunanina abin da ke kashe batir shi ne yawan manhajojin da ke buɗe, kullum ina ta rufe su ɗaya bayan ɗaya ina ganin ina taimakon wayar. Ashe babban abin yana wani wajen. Batiran wayoyinmu duka na lithium ne, kuma ba abin da ke tsufar da su da wuri kamar zafi, musamman in zafin ya haɗu da cikar caji ɗari bisa ɗari. Kamfanin Apple ma ya rubuta ƙarara cewa zafin da ya haura digiri 35 yana iya lalata ƙarfin batir lalacewar da ba ta gyaruwa. To ka duba mu, a Maris da Afrilu da Mayu garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai suna wuce digiri 40 a inuwa, waya tun kafin ka jona ta a caji ta riga ta wuce iyaka, sai ka ƙara mata zafin caji, ka lulluɓe ta da roba mai kauri, ka danne da filo, ina zafin zai fita? Haka masu ajiye waya a gaban mota kusa da gilashi ko a aljihun gaban adaidaita sahu rana na dukanta, ko mai caji yana kallon TikTok lokaci guda har wayar ta yi zafin da ba za ka iya kara ta a kunne ba.

Tun daga ranar in zan saka caji sai na cire mata riga na ɗora ta a kan tayil ko siminti, wajen da ke da sanyi. Kuma na shiga setin na kunna abin da ke tsayar da caji kafin ya cika. Wayoyin Samsung suna da shi, a wasu yana tsayawa a 85 a sababbi kuma 80, iPhone daga 15 zuwa sama ma za ka iya tsayar da shi a 80. Na san wani zai ce a ƙasar da ba ka san yaushe wuta za ta dawo ba wa zai yarda ya bar kashi 20 a banza, kuma gaskiyarsa ne, ni ma in zan yi tafiya ko na ga alamar taransifoma ta samu matsala cika ta nake yi taf. Amma ranakun da nake shago kusa da sola ba ni da dalilin barin ta a 100 tun safe har yamma.

Abu na biyu da na lura da shi da idona shi ne sabis. Na je ƙauyenmu biki, na bar gida da caji 90, ban yi wani kallo ba, kira biyu ko uku kawai, kafin la'asar ta dawo 30 kuma tana da ɗumi a aljihu. Dalili shi ne inda sabis yake da rauni waya ƙara ƙarfi take yi tana neman eriya, tana tsalle daga 4G zuwa 3G zuwa 2G tana dawowa, ga layi biyu a ciki kowanne yana nasa neman. Yanzu in na shiga irin wannan wajen kashe layin da ba ya kamawa nake yi, in data ba ta da amfani in kashe ta, in kuma dare ne ba na jiran kiran kowa in saka ta a yanayin jirgi, da safe sai in tarar kusan yadda na bar ta. Masu wayar 5G ma, tun da MTN ta fara shi a Najeriya a 2022 har yau ba ko'ina ya kai ba, in unguwarku babu to mayar da setin zuwa 4G ya fi. Hotspot kuwa ba a magana, in ƙannenka suka jona su uku a jikinka wayar zafi take yi kamar dutsen guga.

Sai sikirin, shi ne ya fi komai shan caji a yini. Hasken da muke ƙurewa saboda rana sai mu shiga ɗaki mu manta da shi a haka. Na mayar da nawa ya riƙa daidaita kansa, lokacin mutuwar sikirin kuma daga minti biyu na dawo da shi sakan 30. Wayoyin yanzu har masu sauƙin kuɗi na Tecno da Infinix da Redmi suna zuwa da 90Hz ko 120Hz, yana sa jan sikirin ya yi santsi amma yana shan batir, in ka mayar 60 za ka ga bambanci. Baƙar fuska da ake kira dak mod kuma ba kowace waya take taimaka wa ba, sai mai sikirin AMOLED don a nan duk inda yake baƙi a kashe yake, mai LCD kuwa fitilar bayanta a kunne take ko fari ko baƙi, sai dai ya huta maka ido. Bluetooth da mutane ke tsoro bai kai ko kusa da waɗannan ba. Gara ka duba manhajojin da ke bibiyar lokeshan ɗinka ko ba ka buɗe su ba, da WhatsApp da ke sauke duk bidiyon gurup-gurup da kansa, wannan data yake ci ya ci caji tare.

Maganar caja ita ce ta fi ba ni takaici. Muna sayen waya da kuɗi masu yawa sannan mu je bakin titi mu ɗauki caja mafi araha, kan ba shi da nauyi kamar babu komai a ciki, igiyar siririya. Irin wannan in ka jona za ka ga sikirin yana danna kansa ko yana ƙin jin yatsa, alama ce wutar da yake bayarwa ba tsayayya ba ce, balle in an haɗa da ƙaramin janareto da ke hawa da sauka. Igiya ma tana da nata, waya mai karɓar wat 33 in ka saka mata igiya marar kyau sai ta kwana tana jan ƙafa, ka ɗauka batir ne ya mutu. Wani lokacin ma ƙurar hunturu ce da zaren aljihu suka toshe ramin cajin, mai gyaran nan a gabana ya zaƙulo wani dunƙule daga wayar wata baiwar Allah da ta zo da niyyar canza batir, ya ce "Hajiya batirinki lafiyarsa ƙalau", ta tafi ba ta sayi komai ba.

Fawa bank kuma mutane da yawa suna jin an cuce su alhali lissafin ne haka. Mai 10000mAh ba zai cika waya mai 5000mAh sau biyu ba, don wajen ɗaga wutar daga volt 3.7 zuwa 5 da sake sauke ta a cikin waya wani kaso yana tafiya a zafi, sau ɗaya da rabi ko ɗan ƙasa da haka za ka samu ko da na asali ne. Amma wanda aka rubuta wa 50000 kuma ka ɗaga ka ji shi sakayau, wannan rubutu ne kawai.

Batir dai dole ya tsufa, Apple na cewa na iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, na 15 kuma bayan 1000. Amma in ya kumbura kamar nawa don Allah kar ka danna shi ko ka huda shi da allura wai iska ta fita, yana iya kamawa da wuta, kuma kar ka sake jona shi a caji, a kai wa mai gyara ya cire. Sabon da aka saka min yau wata bakwai kenan, ina cire shi a caji da safe ya kai ni har bayan isha'i, soket ɗin kan gadon kuwa na sa mai wayarin ya dawo min da shi ƙasa kusa da ƙofa.